Kular Hajiya a Idi-Araba: abin da Umma ta ci a makonnin gashi

Mutum huɗu ke nan suna tambayata a WhatsApp wace ce ta riƙa dafa wa Umma abinci lokacin da ake yi mata gashi, wato ƙona sankara da hasken na'ura, a Legas, kuma ko kuɗin da muka kashe ya yi amfani. Na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya yadda kowa zai samu. Ba zan saka sunanta ba domin ban nemi izininta ba, shagon ma ba shi da allo. Amma duk wanda ya yi kwana biyu yana zaman jiran layin gashi a Idi-Araba zai ji mata suna ambaton Hajiya mai kula. Sati bakwai muka yi muna karɓar abincinta. Na gode mata har ga Allah, kuma akwai abubuwan da ta yi da ban ji daɗinsu ba. Duka zan faɗa.

Sankarar bakin mahaifa aka samu a jikin Umma. Ni ce 'yar farinta, ina aure a Agege, ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta, shi ya sa da aka ce sai an yi gashi aka taho da ita daga Funtuwa zuwa wurina. Cibiyar masu cutar daji da ke cikin asibitin koyarwa na Idi-Araba, wadda aka buɗe a watan Fabrairun 2019, nan aka ba mu lokaci. Likita ya tsara gashi sau 25, Litinin zuwa Juma'a har sati biyar, da ƙarin ruwa na maganin sankara mai suna cisplatin sau ɗaya a sati, daga baya kuma a yi gashi na ciki, wanda ake saka abin da ke fitar da hasken a cikin jiki kusa da ciwon. Kafin kowane gashi ana so ta yi bayan gida, sannan ta sha ruwan da aka ƙayyade mata ta riƙe fitsari. Nas ta yi mana bayani cewa idan mafitsara ta cika tana ture ƙananan hanji sama, su kauce wa inda hasken zai bi. Kwana uku kacal muka gwada zuwa daga Agege. Wanda ya san cunkoson Oshodi da safe ya san ba a ɗora dattijuwa mai ciwo a danfo a ce mata ta yi lissafin mararta. Dangin maigidana suka sama mana ɗaki guda a Idi-Araba, banɗaki a tsakar gida, madafi kuwa risho ɗaya ne a bakin ƙofa.

Sati biyun farko lafiya lau. Umma na cin tuwon masara da miyar kuka, ranar Juma'a ta ci masa da miyar taushe, har na fara cewa a raina wataƙila mu Allah ya tsallakar da mu. Ranar gashi na goma sha biyu da daddare na ji tana ta buɗe ƙofa. Sau biyar na ƙirga kafin asuba. Da safe na tambaye ta, ta ce ba komai, sauro ne ya hana ta barci. Tsakanin uwa da 'yar fari akwai kunyar da ko sunana ba ta faɗa, balle ta ce mini gudawa take yi.

Likita bai yi mamaki ba. Ya ce fatar da ke shimfiɗe a cikin hanji tana sabunta kanta duk bayan kwana uku zuwa biyar, shi kuwa hasken gashi ƙwayoyin halitta masu saurin rabuwa ya fi bugu, ko na sankara ne ko na hanji. Idan fatar ta ƙuje sai hanji ya kasa tsotse ruwa, abinci ya riƙa wucewa da gudu, mai da madara su zama masu wuyar narkewa. Daga nan murɗa take zuwa, da kumburi, da majina a bayan gida, da wannan jin kamar akwai saura alhali babu. Ya ce yawanci a sati na biyu ko na uku yake farawa. Ya rubuta magani, ya ce mu ga mai ba da shawara kan abinci.

Kafin mu gan ta na yi kuskure, kuma ina so masu jinya su ji shi da kyau domin na ga wasu sun yi irinsa. Tsoro ya sa na janye wa Umma komai. Koko da safe, koko da rana, koko da dare, kwana huɗu. Gudawar ba ta tsaya ba, ga shi kuma da aka ɗora ta a sikeli ta zubar da kilo biyu. Ma'aikaciyar ɗakin gashi ce ta ja ni gefe ta ce an auna jikin Umma da na'ura kafin a fara, an yi mata ɗige-ɗige a fata, duk lissafin hasken a kan wannan jikin aka yi shi. Idan ta rame da yawa sai an sake awo, wataƙila ma a tsayar da gashin, tsayarwar kuwa tana rage ƙarfin maganin. Mai shawarar abinci ta ƙara da cewa hanjin da ya ƙuje da nama da ƙwai da kifi yake gyara kansa, yunwa ba ta warkar da shi. Ta rubuta mana takarda. Na fito riƙe da takarda ina tunanin makaranta da ke jirana a Agege sau uku a sati, da risho ɗaya, da abinci sau shida a rana. Wata baiwar Allah 'yar Sakkwato da ke jinyar mijinta ta ga idona ya cika, ta ce, "Ƙanwata, ki je wurin Hajiya mai kula."

Shagon ɗan ƙarami ne a wani lungu, tafiyar minti goma daga ƙofar asibiti. Gaba ana sayar da shinkafa da miya da tuwo ga 'yan kasuwa da masu keke, kamar kowane shago. Abincin marasa lafiya a baya ake yinsa, da tukwane daban. Hajiya haifaffiyar unguwar ce, iyayenta Kanawa, tana juya Hausa da Yarabanci kamar ruwa. Mijinta, Allah ya jiƙansa, an yi masa gashin ƙugu shekarun baya, a jinyarsa ta koyi abin da ta koya. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ta tambaye ni me muke so a dafa ba. Takardar asibiti ta fara nema, ta ba jikarta ta karanta mata sau biyu. Sannan ta tambayi gashi na nawa ake ciki, ana haɗawa da ƙarin ruwa ko a'a, akwai ciwon suga, akwai hawan jini, ƙarfe nawa ake shiga ɗakin gashi. Ta ce, "'Yar nan, ni ba likita ba ce, girki na iya. Abin da takarda ta hana ba zan sa ba, ko mamarki ta roƙe ni."

Da yamma ta zo ɗakinmu da kanta ta gaida Umma. Suka yi hira kan Funtuwa da auduga da tsadar goro, can sai ta ciro gwangwanin madarar Peak wanda aka wanke, da kwalin ashana. Ta ce, "Yaya, ba sai kin faɗa wa kowa komai ba. Duk fita ɗaya ki jefa tsinke ɗaya a nan. Da safe yaro zai kawo kula ya tafi da gwangwani." Umma ta yi shiru tana kallon gwangwanin, sannan ta miƙa hannu ta tura shi ƙarƙashin katifa. Ni a wurina wannan gwangwanin ya fi duk abincin daraja. Kafin yaron ya ɗauka nakan leƙa in ƙirga, in rubuta a bayan katin asibiti, don haka ranar ganin likita ina da amsa a hannu: jiya shida, shekaranjiya huɗu. Umma ba ta taɓa buɗe baki ta yi mini maganar ba har aka gama, ni ma ban taɓa nuna mata ina ƙirgawa ba.

Da wannan ƙirgen Hajiya take tsara girkin ranar. Idan tsinke uku ne ko ƙasa, abincin yana kusa da na kowa, sai dai babu yaji kuma mai kaɗan: za ka ga alayyafo da ya dahu luguf, da karas, da kabewa a miya, da yankan gwanda. Idan ya kai huɗu zuwa shida sai ta janye ganye da duk wani abu mai ɓawo ko 'ya'ya, ta koma fari. Idan ya haura haka, ko aka ga jini, ko zazzaɓi, ba ta sake girki, aikowa take yi a ce mu tafi asibiti. Da ƙirge ya sauka kuma sai ganyen ya dawo. Wannan ya bambanta da abin da na ji wasu na yi, su hana mara lafiya ganye da 'ya'yan itace tun ranar farko har ƙarshe ko cikinsa lafiya. Ƙanina da ke karatun haɗa magunguna ya turo mini wani bincike da aka wallafa a 2017, an yi shi a Ingila kan mutum 166 masu gashin ƙugu. Waɗanda aka ba shawarar su ƙara cin abinci mai dusa da zare sun fi waɗanda suka ci gaba da cin abin da suka saba samun sauƙin hanji, a ƙarshen gashin da kuma bayan shekara, har masu binciken suka ce a daina hana kowa irin wannan abinci haka kawai. Na kai wa mai shawarar abinci, ta ce haka ne, ragewa ta kwanakin da ciki ya ɓaci ce, ba doka ce ta dindindin ba. Hajiya ba ta san da wani bincike ba. Ta dai ga mijinta ya ƙi abinci saboda gajiya da farar shinkafa, ta gane daga nan.

Shi kansa abincin ƙananan kuloli ne, ba manya uku ba. Kawowa biyu ake yi, da sassafe da kuma bayan azahar, kowace kawowa kula uku, don a riƙa ci kaɗan-kaɗan. Da safe koko ne da aka tace sau biyu, babu barkono babu kanumfari, citta ma ɗan ƙamshi kawai, tare da dafaffen ƙwai. Wani lokaci kunun shinkafa da burodin Agege da aka gasa a kasko ba mai. Tsamiya da kanwa ba sa shiga tukunyarta ta baya, ta ce duka biyun suna sakin ciki. Da rana tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, da karfasa da aka cire wa ƙaya tsaf. Na tsaya na ga yadda take auna mai: cokalin shayi ɗaya na man gyaɗa a kular mutum ɗaya, manja kuwa sai ranar da ƙirge ya yi kyau. Dankalin turawa takan dafa ta murƙushe da romon kaza. Doya ma haka. Ayaba ba ta yankewa.

Farfesun kazarta shi ne abin da zan daɗe ina tunawa. Takan cire fatar kazar tun kafin ta ɗora, ta dafa da daddare, ta bar romon ya huce har kitsen ya taso ya kwanta a sama, da asuba ta kwashe shi da ludayi ta sake tafasawa. Abin da ya rage romo ne garai-garai, da ɗan gishiri, da daddawa kamar ƙwayar gyaɗa, da albasa guda da ta jefa ɗungurungum ta tsame kafin ta zuba. Ba attarugu ko ɗaya, amma yana da ɗanɗano. Washegarin ƙarin ruwa, lokacin da Umma ke cewa bakinta kamar ta tsotsi ƙarfe kuma warin girki ma tayar mata da zuciya yake, wannan romon kaɗai ke shiga. Hajiya takan aiko shi da ɗumi kaɗan, ba da zafi ba, ta ce tururi ne ke kai wari hanci. Ta haɗo da ɓarin lemon tsami a ɗiga. Na gwada yinsa a gida sau uku bayan mun koma Agege, bai fito kamar nata ba.

An yi daru kan fura da nono. A sati na huɗu Umma ta ji mai tallar nono na wucewa ta ce ita fa yau fura take so. Na kira Hajiya a waya na miƙa mata. Ina jin muryarta tana cewa, "Yaya, ki yi mini haƙuri. Hanjinki yanzu ba ya iya madara, kuma nonon ƙwarya ba mu san hannun da ya bi ba, ga maganin nan ya rage miki sojojin jini." Gaskiya ta faɗa, domin likita ya gaya mana cewa hanjin da gashi ya taɓa yakan kasa narkar da sukarin da ke cikin madara na ɗan lokaci, kuma duk sati sai an duba jinin Umma kafin a sa mata cisplatin. Umma ta yi fushi, ranar ba ta taɓa kular rana ba. Washegari sai ga ƙaramin kofi na kindirmo da Hajiya ta tafasa madararsa ta kwantar da kanta, cokali huɗu, da saƙon cewa a gwada a ga abin da gwangwani zai ce. Bai ce komai ba. Daga nan aka riƙa ba ta bayan kwana bibbiyu. Goro ma haka aka yi. Umma ta shekara arba'in tana cinsa, Hajiya ta ce yana zaburar da hanji kamar kofi, amma ba ta ce a daina ba, ta ce a raba ɗaya huɗu, ɓari ɗaya bayan la'asar.

Daren da ya fi tsanani shi ne bayan gashi na ashirin da ɗaya. Kafin sha biyun dare tsinke tara, Umma ta miƙe za ta fita jiri ya kwashe ta, na tare ta a bakin ƙofa. Leɓenta ya bushe, kuma na lura tun la'asar ba ta yi fitsarin kirki ba. Ina da ruwan gishiri da suga na leda, wanda ake zuba ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, amma kurɓa biyu sai ta dawo da shi. Ban san me ya sa Hajiya na fara kira ba. Ba ta bari na gama ba ta ce, "Wannan ya wuce tukunya. Ku tafi yanzu." Ta taso ɗanta da kekensa ya kai mu. An sa wa Umma ruwa leda uku, aka duba ƙodarta, domin cisplatin magani ne mai wahalar da ƙoda kuma rashin ruwa a jiki yana ƙara masa illa. Likita ya gyara mata yadda za ta sha loperamide, maganin tsayar da gudawa, ya kuma sake jaddada mana cewa idan zafin jiki ya kai 38, ko jini ya fito, ko ta kasa riƙe ruwa, kada mu jira safiya. Gashi ɗaya kawai ta rasa, aka rama shi a ƙarshe. Na san masu sayar da abinci da za su ce bari in haɗo miki wani abu da zai tsayar da shi. Ita ba ta yi haka ba.

To, sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Lokaci. Idan gari ya waye lafiya, ƙarfe shida da rabi yaro na bakin ƙofa. Idan aka kwana ana ruwa kuwa, kuma damina muka yi a can, lungun kan cika, kula ba ta isowa sai takwas ko ta wuce. Sau uku Umma ta shiga asibiti da ayaba ɗaya a cikinta, ɗaya daga ciki ranar ƙarin ruwa ce, wadda ake wuni. Ba a kuma kira a sanar da kai, sai kai ka kira. Daga baya na koyi ajiye burodi da ƙwai a ɗaki.

Ranar Lahadi Hajiya takan je gidan 'yarta a Mile 12 ta yi cefane daga can, sai mai taya ta aiki ta riƙe tukunyar baya. Wata Lahadi miyar ta zo ja. Umma ta ci loma uku kafin in ɗanɗana, ashe an ɗebo daga soyayyen kayan miyan gaba ne aka ƙara don ta yi kyau a ido. Attarugu ne zalla. Daren nan ta sha wuya, ba yawan fita kaɗai ba, har da raɗaɗi a wurin da dama fata ta riga ta yi laushi saboda gashi. Na ga tana zama a gefe ɗaya tana cije leɓe, sai na ɗumama ruwa na ajiye mata a baho a banɗaki na fito ban ce komai ba. Hajiya ta zo da kanta ranar Litinin ta ba da haƙuri, ta yafe kuɗin kwana biyu. Na karɓi haƙurin. Amma mutumin da ya biya kuɗi don kada yaji ya shiga cikinsa bai kamata lafiyarsa ta dogara da wace ce ke bakin murhu ranar ba. Duk wanda zai karɓi abincin Lahadi, ya ɗanɗana kafin ya miƙa.

Kuɗi kuma, mun fara a kan naira 4,500 a rana, a sati na huɗu ya koma 5,500. Na san abin da kaza da kifi suka zama a kasuwa, ban ce ta yi zalunci ba. Abin da ya dame ni shi ne a bakin yaro na ji, ranar biya, kuma babu rasit ko littafi, komai a ka yake. Mai jinya yana lissafin kowace naira, sanarwar kwana uku ma da ta taimaka. Idan aka haɗa da kuɗin ɗaki da magani, ba kowa ne zai iya ba, na ga waɗanda suke karɓar kular rana kaɗai su yi sauran da kansu, kuma ta yarda da hakan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne kwalbar da ta taɓa haɗowa da kula. Jiƙon sassaƙe ne da zuma, ta ce na basir ne, mijinta ya ji daɗinsa. Matar da ta ce mini ita ba likita ba ce, matar da ta kore mu zuwa asibiti da tsakar dare, ita ce kuma ta aiko da wannan. Na kai wa likita, ya ce kada a sha, ba a san abin da ke ciki ba, ga ƙoda na fama da magani, kuma abin da ke damun Umma ba basir ba ne, kumburin ƙarshen hanji ne da gashi ya jawo. Na mayar mata, ba ta ji haushi ba, ba ta kuma sake aikowa ba. Amma na ji tana yi wa wasu tayinsa. Na san da zuciya ɗaya take yi. Duk da haka na gaya mata a gaban idonta cewa wannan kwalbar za ta iya rushe duk alherin da tukunyarta ke yi, kuma ina nan a kan bakana.

Mai ciwon suga ya yi tunani kafin ya shiga. Kwanakin da ciki ya ɓaci abincin kusan duk farin sitaci ne, koko da shinkafa da dankali da burodi, ita da kanta ta ce mini masu suga suna ba ta wahala, sai takardar asibiti ta fayyace mata awo. Maza masu gashin sankarar 'yar ƙwayar nan ta ƙasan mafitsara kuwa na ga ta san sha'aninsu sosai, tunda irin jinyar da ta yi ke nan. Su iska ce babbar matsalarsu, domin idan ta taru a ƙarshen hanji tana gusar da wurin da aka saita. Ba ta ba su wake, ko ƙosai, ko alale, ko kabeji, tana kuma hana su lemon kwalba. Mijin 'yar Sakkwaton nan har ya gama ba a taɓa sauko da shi daga gadon gashi an ce ya je ya rage iska ba, matarsa na alfahari da hakan.

Tsafta ba laifi. Akwai kwata a bakin lungun, wannan Idi-Araba ce, amma na shiga bayan shagon ba tare da sanarwa ba har sau biyu, na tarar da komai a rufe, ana wanke kuloli da ruwan zafi, ruwan girkin marasa lafiya kuma na leda ne. Ba ta ɗura abinci mai zafi a leda. Kuma ba ta da surutu, wanda a unguwar da kowa ya san kowa ba ƙaramin abu ba ne. Sati bakwai ban taɓa jin ta ambaci ciwon wani da sunansa ba.

Na so a ce wani ya gaya mini tun farko cewa ranar gashi na ƙarshe ba ita ce ranar da ciki ke daidaita ba. Satin da ya biyo baya ma ya fi wasu makonnin wuya, shi ya sa muka ƙara kwanaki a Idi-Araba har aka gama na ciki. Sai da aka yi kusan wata guda kafin tsinken ya koma ɗaya ko biyu. Kafin mu tashi Hajiya ta zaunar da ni ta ce in riƙa dawo da abinci ɗaya-ɗaya, tsakani kwana biyu ko uku, don idan wani ya tayar da ciki a san shi ne. Zogale ya dawo lafiya. Alale ma haka. Fura ta dawo a sati na shida. Yaji har yau Umma ba ta iya shi kamar da, kuma soyayyen nama da yawa yana fitar da ita. Likita ya ce wasu mutanen hanjinsu kan canza har bayan watanni ko shekaru, idan ta ga jini ko gudawa ta dawo kada a ce basir ne a zauna, a zo a duba. Na gaya wa ƙannena a Funtuwa, na kuma ba matar ƙanina gwangwanin, tunda Umma ta sako shi a jakarta da kanta.

Mai son zuwa ya je da ƙafarsa bayan azahar, lokacin da gaban shagon ya lafa, waya ba ta isa a karon farko. Ya tafi da takardar mai shawarar abinci da lokacin da aka ba shi na gashi. Ya biya sati-sati, ya tambayi farashi duk ranar biya, ya kuma sayi kulolinsa guda shida ƙanana ya rubuta suna a gindi, domin nata kan cakuɗe da na wasu, mu ma murfi ɗaya ya ɓata a hannunmu sai da na biya naira 1,500.